Tunkiyar Yaya da Balaraben Mushe

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Juma'a, an sallame sallar la'asar. Mu uku ne a tsakar gida. Ni ina tankaɗen gari a ƙofar madafa. Maigidana yana kan kujerarsa ta ƙarfe, rediyo bisa cinya. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, tana kan tabarma a inuwar itacen bedi tana ɓarar gyaɗa. Na huɗu shi ne yayan maigidana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi sallama ya shigo yana jan tunkiya.

Kafin in faɗi abin da aka ce da abin da aka amsa, sai na shimfiɗa abin da ya gabata, domin ba na son labari mai tsalle-tsalle. Karatuna na lakol, wato makarantar boko, bai wuce aji shida ba, amma abin da aka koya mini a can na riƙe shi: ba a shiga layi na biyu sai an gama na farko.

Na farko, mu su wane ne. Ni Bagobira ce daga wajen Gidan Rumji, aure ya kawo ni wani gari tsakanin Agiye da Gazawa. Maigidana malamin lakol ne, shi ya sa duk gari ke ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci a wurinmu, har da ni. Mako guda kafin wannan Juma'a konseyoyin ƙaramar hukumarmu, wato kansiloli, suka zaɓe shi magajin gari, shugaban hukumar ke nan. Shi kujerar konseye kawai ya tsaya wa. Da manyan da ke neman shugabancin suka kasa jituwa, sai aka ce a ba Mushe, tun da shi ba ya da abokin faɗa.

Na biyu, Balaraben. Tun muna amarya da ango na tarar da Mushe yana da sa'o'insa na rediyo, safe da rana, kuma ba a yi masa magana a cikinsu. Sayen pil, wato batirin rediyo, aikina ne, kamar sayen gishiri. A cikin dukan manyan duniya da rediyo ke ambato, akwai wani firaminista na wata ƙasar Larabawa da Mushe ya ɗauka kamar ɗan ɗakinsu. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙasarsa ba, domin abin da na sani a kansa duk ta bakin rediyo ne da bakin Mushe, ban gani da idona ba.

Ga yadda na ji. Mutumin shi ma malami ne kafin siyasa. Ƙasarsa ta rikice, kowane ɓangare ya ja tunga, aka rasa wanda duka za su yarda da shi sai shi. Ya hau, ya yi abin da ya iya, da ya ga ana son ya sa hannu kan abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ya sauka. Abu ya sake ɓaci, aka sake kiransa, ya sake hawa. Haka aka yi ta yi da shi, kamar gugan da ba a tunawa da shi sai ana jin ƙishi. Daga baya ya tsaya zaɓe ya faɗi, ya koma gidansa ba tare da ya tara matasa a titi ba. Kuma gidan da ya koma shi ne wanda ya fito daga ciki. Mushe ya ce masu adawa da shi sun zarge shi da sanyi, sun zarge shi da taurin kai, amma ba wanda ya taɓa cewa hannunsa ya shiga inda bai kamata ba.

Mushe bai san Larabci ba sai na salla, kuma shekara da shekaru bai ma san kamannin mutumin ba. Amma duk ranar da aka ce ya sauka, Mushe ba ya cin abincin kirki. Inna takan ce, "Bagobira, ɗauke tuwonki, yau an tuɓe Balaraben Mushe." Ranar da aka mai da shi kuma ta ce, "Ƙara miya, abokinmu ya koma."

Na uku, dokar da Mushe ya kafa ranar da aka zaɓe shi. Ya tara mu ya ce, muddin yana kan kujera, ba abin da zai shigo gidan nan da sunan barka ya kwana. Ya ce bakin da ya ci, idonsa ba ya iya kallon mai abinci ya ce masa a'a. Ni aka ɗora wa aikin mayarwa, kuma ban ƙi ba, domin ni ma ba na son kaya da ban san mazauninsu ba. Buhun shinkafa na wani ɗan kasuwa ya koma a amalanken da ya kawo shi. Turmin atamfa ya koma cikin ledarsa. Zabi biyu sun koma da ƙafafunsu a ɗaure yadda suka zo. Mutane sun yi gunaguni, amma su bare ne, gunaguninsu bai shigo mana ɗaki ba.

Yaya kuwa ba bare ba ne. Mahaifinsu ya rasu Mushe yana ƙarami. Yaya ne ya riƙe gona, ya riƙe Inna, ya bar Mushe ya yi ta karatu har Maradi alhali shi bai taɓa zama kan bencin lakol ba. Shi ya je Gidan Rumji neman aurena. Kuma tun da na zo gidan, kowace rana bayan magariba su biyu suke cin tuwo a kwano ɗaya, kan tabarma ɗaya, a ƙofar gidanmu. Yau girkina, gobe na matar Yaya. Ko ruwa ake yi sai su shiga zaure. Ban taɓa ganin wannan kwano ya rabu ba.

Saura abu ɗaya. Gonar Yaya tana gefen burtali, hanyar da makiyaya ke bi da dabbobinsu zuwa tafki. Shekara bayan shekara garmar masu gonaki ta yi ta cin hanyar kaɗan-kaɗan, har ta Yaya. Makiyaya sun kai kuka, an ce kwamitin filaye zai fito ya sake auna burtalin ya kafa turakun siminti. Magajin gari yana cikin masu zama a kan maganar. Duk gari ya san da haka.

To, mu koma ƙarfe huɗu da rabi.

Tunkiyar uda ce, gabanta baƙi, bayanta fari, ga ciki ya fara fitowa. Yaya ya gaida Inna, ya amsa gaisuwata, sannan ya miƙa wa Mushe igiya yana murmushi.

"Auta, ga barkata. Kowa ya zo na ce sai na bari ƙura ta lafa."

Mushe ya kashe rediyo, abin da ba ya yi. Ya miƙe tsaye. Bai karɓi igiyar ba.

"Yaya, Allah shi saka da alheri. Amma ka riƙe mani ita wurinka har in sauka."

"Har ka mi?"

"Har in sauka. Ka san dokar da na yi."

"Na ji ka yi ma ƴan kasuwa doka. Ni ɗan kasuwa ne?"

"A'a, Yaya. Amma ga maganar burtali nan tahe. In tunkiyarka tana turkena, ko na yi gaskiya ba mai yarda."

Murmushin Yaya ya ɗauke. Inna ta daina ɓarar gyaɗa.

"Wato cin hanci na kawo maka."

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Sa'ad da nike kai maka gero Maradi bisa kaina daga tasha, wane burtali nike nema? Wanga Balaraben naka shi ya koya maka mai da hannun kyauta baya? Shi ba ya da babban wa?"

Mushe ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya." Amma hannunsa bai motsa ba.

A wurinmu ba a mayar wa babba kyautarsa. Wanda ya mayar, kamar ya ce ne ba ni ba kai. Shi kuma wanda ya bayar ba ya komawa da ita gida, don in ya ja ta ya fita, ya amsa ke nan cewa an yanke. Saboda haka Yaya bai ja ta ba. Ya saki igiyar ta faɗi ƙasa tsakaninsu, ya ce wa Inna sai anjima, ya fita.

Tunkiya ta tsaya. Mushe ya tsaya. Ba mai taɓa igiya. Da ta ga ba mai kula ta, sai ta nufi ƙwaryar garina ta tsoma baki. Nan ne na ɗauki igiyar, ba don na raba gardama ba, don garin tuwon dare ne. Na ɗaure ta a gindin bedi.

Inna ta ce, "To, Bagobira ta karɓa. Ku Gobirawa dama ba ku ganin abu ƙasa ku bar shi."

Ba wanda ya yi dariya.

Da magariba na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yadda aka saba, na aje kwano da ruwan wanke hannu. Yaya bai zo ba. Mushe ya zauna har tuwo ya huce, sannan ya ci gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen yadda na kwashe shi. Washegari girkin matar Yaya ne, kwano bai zo ba. Na raba tuwona biyu na aika wa Yaya, ya dawo da murfinsa a rufe. Ban fasa ba. Ranar girkina sai in aika, ya dawo, in ba yaran gida. Kada a ɗauka sun daina gaisawa. Suna gaisawa a masallaci, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, irin wadda ake yi wa baƙo.

Tunkiya kuwa tana nan a gindin bedi, ba tamu ba, ba ta Yaya ba. Mushe ba ya kallon wajen. Ni ke ba ta ruwa da dusa, ina jin haushin kowa.

Mafita ta zo ne daga bakin mai kawo mana nono, matar arɗon makiyayan da ke zaune bayan tafki. Mun daɗe muna ciniki, har ta kai tana aje ƙwaryarta ta huta a wurina. Ta dubi tunkiyar, ta ce da Hausarta mai lanƙwasa, "Uwar gida, wannan ta kusa. Ta wa ce?"

Na ce, "Abin da aka kasa sani ke nan." Na ba ta labari.

Ta yi dariya har da tafa cinya. "Ku Haɓe kuna da wahala. Dabba sai ta zama taka ko ta wani? Mu muna da habbanaye." Ta bayyana mini: mutum ya ba ɗan'uwansa aron dabba mace, ta zauna wurinsa ta hayayyafa, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita. Ba saye ba ne, ba kyauta ba ne, igiyar zumunci ce. Mai riƙon kuwa yana kula da ita fiye da tasa, don abin kunya ne ta koma da rama.

Na jira Mushe ya dawo daga buro, wato ofishinsa, ya yi wanka, ya ci, sannan na faɗa masa, domin ba a kai wa mai yunwa shawara. Can ya ce, "Aro na yarda. Amma ƴaƴan ma ba namu ba ne. Amana ce. Ranar da na sauka, ita da duk abin da ta haifa su koma."

Na ce, "To nonon fa?"

"Na ƴaƴanta ne."

"Takin fa?" Da gatse na faɗa.

Shi bai ɗauka gatse ba. Ya ce, "Takin na Yaya ne. A tara shi."

Haka aka yi. Na sa aka kafa mata turke na daban a bayan ɗakin Inna, nesa da awakina. Kowace safiya bayan na share tsakar gida, sai in share wurinta, in tara takin gefe guda. Ta haifi mace. Wannan ta girma ta haihu, uwar ma ta sake. Turke ɗaya ya zama rumfa. Da kaka in saye harawa in jibge bisa rufi, da rani in bi gindin gawo in tsinto musu ƴaƴa, ga kanwa ba ta yankewa. Duk bazara, kafin ruwan shuka, Mushe ya ɗauki hayar amalanke a kwashe takin a kai gonar Yaya a zuba. Ba a gaya wa Yaya, shi ma bai taɓa tambaya ba. Tuwo ana iya mayar da shi da murfi a rufe. Taki in ƙasa ta sha ruwa a kansa, ba mai iya tsince shi.

A shekarar farko aka auna burtali. Mushe ya tafi tare da kwamiti, da mai gari, da arɗo. Ni ban je ba, amma an gaya mini Yaya yana tsaye a gonarsa da hauya a kafaɗa sa'ad da aka ja igiyar awo, ta ratsa kunyoyinsa na gefe, aka haƙa rami aka dasa turke. An ce Mushe da kansa ya riƙe bakin igiyar. Bai rage wa Yaya ko taki ɗaya ba, bai kuma ƙara masa ba don a ce ya yi. Da ya dawo gida ya shiga ɗaki ya kunna rediyo, alhali ba sa'ar labarai ba ce.

Matar Yaya, faccalata, ta tare ni wurin injin niƙa a gaban mata.

"Matar magaji, ina gajiyar mulki? An ci tunkiya, an ci gona, saura mi?"

Na ce, "Tunkiya tana nan, zo ki gan ta, ta fi ki ƙiba."

Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta kusa yi, ta danne. Ba mu taɓa ƙin juna ba, ni da ita. Kowace tana tsaye ne bayan nata.

Wadda abin ya fi ci ita ce Inna. Idonta ya fara rauni a shekarun nan. Wata guda tana wurinmu, wata guda tana gidan Yaya, tana kai da kawo da sandarta. Wata rana ina taje mata kai ta ce, "Bagobira, ciki ɗaya na ɗauke su. Ina tsoron a tara mutane zaman makokina, a kawo masu kwano biyu." Na ce Allah ba zai nuna mana ba. Amma na duba hannunta yadda ya bushe, na duba shekarun da suka rage wa Mushe a kan kujera, na ci gaba da taje mata kai.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne a shekarar da damina ta yanke da wuri. Abincin dabba ya yi wuya, na sayar da awakina ɗaya bayan ɗaya, tumakin Yaya kuwa ba a taɓa su ba. Cikin haka matar babban ɗanmu ta haihu, jikanmu na fari. Ana bukatar ragon suna. A rumfa akwai rago, ɗan tunkiyar nan na biyu, wuyansa kamar turmi. Ni na yi kiwonsa da hannuna.

Na ce wa Mushe, "Jikan nan jikan Yaya ne shi ma. In an yanka ragon Yaya a sunan jikan Yaya, wa aka cuta?"

Ya ce, "In Yaya ya kawo shi da hannunsa bayan na sauka, ba wanda aka cuta. Yau ni ne magajin gari." Sannan ya fara, "Ka ga mutumin nan, sa'ad da..."

Na katse shi. "Mushe, Balarabenka ya taɓa tsintar ƴaƴan gawo da rana tsaka? Shi ya yi gaskiya, matarsa ce ta san nauyinta."

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "Wallahi na sha tunanin haka. Rediyo bai taɓa faɗin komai a kanta ba."

Ranar kasuwar Cadawa ya hau mota ya sayo abin da aljihunsa ya iya. Rago ne dai, don yana da ƙaho. Ranar suna da safe maza suka taru, Yaya ya zo, domin fushi bai hana fatiha. Aka fito da ragon Cadawa, wani daga baya ya ce, "Magaji, wanga azumi yake?" Aka yi dariya. Daga bayan ɗakin Inna babban ragon ya yi kuka, kowa ya ji. Ina leƙe ta zana. Na ga Yaya ya tashi kamar mai neman wurin alwala, ya zaga bayan ɗaki. Ya daɗe a tsaye gaban rumfar. Ya shafa bayan tsohuwar tunkiya, ya ɗaga leɓen ragon ya duba haƙoransa, ya dubi tarin takin da ke gefe. Ya dawo ya zauna. Da aka raba goro, ya karɓa daga hannun Mushe, ya ɓare, ya ci nan take.

Wa'adi ya cika, aka sake zaɓe. Masu gonakin gefen burtali ba su manta ba, waɗanda aka mayar wa shinkafa ma ba su manta ba. Mushe ya faɗi. Ya je buro ya miƙa mabuɗai da moton aiki, wato babur, ya dawo gida da ƙafa, takalminsa fal rairayi. Ranar da aka zaɓe shi sai da na aro tabarmi daga maƙwabta. Ranar da ya sauka na shimfiɗa guda ɗaya, ita ma ba wanda ya zauna. Ya shigo ya sha ruwa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Gobe da safe ki kwance su."

Da hantsi muka fita. Mushe a gaba yana jan tsohuwar tunkiya da igiyar da ta zo da ita, domin na adana ta. Sauran suna bin uwarsu, ni ina baya da tsumagiya. Inna ta ce ba za a bar ta ba, na riƙe mata hannu. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallon tsohon magajin gari yana kiwo.

Yaya yana zaune a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar hauya. Ya ɗaga kai. Tumaki suka cika masa fili.

"Mi ne ne wanga?"

"Kayanka ne, Yaya."

"Ni guda na kai."

"Ta haihu."

Yaya ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ba ka ci ko ɗaya ba."

"Ba nawa ba ne."

"An ce ka faɗi."

"Na faɗi."

"Ƙasa warwas?"

"Warwas, Yaya."

"To yanzu kai wane ne?"

Mushe ya ce, "Ƙanenka."

Yaya ya aje hauya ya miƙe. Ya karɓi igiyar daga hannun Mushe, ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya kamo hannun Mushe ya buɗe tafin, ya sa igiyar a ciki, ya naɗe yatsunsa a kai da nasa hannun.

"Ni dama ƙanena na kai ma tunkiya, na tarad da wani magajin gari zaune bisa kujerarshi. Auta, ga barkata. Ta tsufa, amma laifinka ne."

Mushe ya ce, "Na karɓa, Yaya. Na gode." Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, don hannunsa yana cikin na Yaya.

Inna ta ja ni. "Bagobira, mi ake yi? Ba ni gani."

Na ce, "Ya karɓa, Inna."

Ta zauna nan ƙasa inda take, ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ya juyo wurina, abin da ba ya yi, domin akwai kunya tsakanina da shi. Ya ce, "Ragon nan da ƴar tunkiyar can na mai sharar taki ne. Kuma kada ku ɗauka takinku ya biya abin da burtali ya ci. Bai biya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma geron ya yi kai."

Faccalata ta leƙo daga zaure ta ce, "To yau girkin wa?" Na ce nawa. Ta ce ƙarya nake, nata ne, ta fi ni riƙe lissafi. Da magariba kwano biyu suka iso tabarma, nawa da nata. Yaya ya juye ɗaya cikin ɗaya, suka sa hannu. Inna ta sa aka kai ta bakin zaure, ta zauna tana sauraren motsin hannuwansu a kwano. Ta ƙara damina biyu a duniya. A zaman makokinta kwano ɗaya aka kai musu.

Ko Yaya ya tuna da burtali ranar da ya jawo tunkiyar nan, ban sani ba. Mushe bai taɓa tambayarsa ba, ni ma ba hurumina ba ne.

Shekaru suka wuce, dukansu suka tsufa, jin Mushe ya ragu har sai ya manna rediyo a kunne. Wata safiya aka faɗi rasuwar Balaraben, da tsufa mai yawa. Yaya ne ya fara ji a wurin mai shayi, ya taho da sandarsa. Ya tarar da Mushe zaune, rediyo a kashe.

Ya ce, "Auta, ya haƙuri? Ashe abokinka lokaci ya yi."

Mushe ya ce, "Sai haƙuri, Yaya."

"To ɗaga hannu mu yi mashi addu'a. Mutumin da ya hana ni tuwon Bagobira shekara biyar, dai-dai ne in yafe mashi kafin a tambaye shi."

Suka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga daga ƙofar madafa. Abin da ya fara kamar wasa bai ƙare a wasa ba. Kafin azahar tsofaffin ɗaliban Mushe suna shigowa yi masa gaisuwa, arɗo ma ya zo da matarsa. Sai da na aro tabarmi. A ranar ne wani ya nuna mana hoton mutumin a waya: tsoho ne siriri mai tabarau, ba ka ce ya taɓa riƙe ƙasa ba. Mushe ya daɗe yana kallo, ya ce, "Haka na zata."

Mushe ya rasu bara da kaka. Yaya yana nan, kuma har yau ina aika masa tuwo ranar girkina. Jikokin tunkiyar nan suna bayan ɗakin Inna, ina jin kukansu yanzu da nake rubutu.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. In naka ya samu kujera, babba ko ƙarama, ka je ka yi masa addu'a da hannu wofi, kada ka sa shi zaɓi tsakanin kai da amanar da aka ba shi. Kyautar da ka yi niyya, ka riƙe ta a turkenka. Ranar da ka ji ya sauka, ko an sauke shi, ka kwance ta ka tafi da ita tun da hantsi, ka zauna a tabarmarsa, ka ci tuwo tare da shi. In kuma ka idar da salla yau, ka sa Mushe da Inna da wannan Balarabe a addu'arka.